Hotunan manyan 'yan Nazi masu sa hannu: me mai saye yake saya?

Tambaya: Ina karatu a Jamus, kuma tun ina sakandare nake sha'awar tarihin Yaƙin Duniya na Biyu. Kwanan nan na ci karo da wani dillalin tsofaffin kaya yana sayar da hotunan manyan jami'an jam'iyyar Nazi masu ɗauke da sa hannunsu, su Göring da Goebbels da Himmler, har da na Hitler kansa. Ina tunanin fara tara su. Doka ta yarda? Yaya zan bambance na gaskiya da na jabu? Kuma akwai aibu mutum ya ajiye irin wannan?

Amsa: Ɗan'uwa, tambayoyinka uku ne, amma akwai wadda ta riga su: shi wannan hoton, me zai koya maka? A cikin duk takardun da mulkin Nazi ya bari daga 1933 zuwa 1945, da wuya ka sami wadda ta kai hoto mai sa hannu ƙarancin bayani, ko wadda aka fi yi wa jabu. Wasiƙar ofis za ta gaya maka wa ya ba da umarni, wa aka bai wa, ran nawa ga wata. Jerin sunayen mutanen da aka loda a jirgin ƙasa zai gaya maka inda aka nufa da su. Hoton Goebbels da sunansa a ƙasa kuwa, iyakar shaidar da zai bayar ita ce wata rana mutumin ya riƙe alƙalami. Don haka tun yanzu ka san inda na dosa: ba na ba ka shawarar zuba kuɗinka a nan. To amma bayani ka nema, ga shi.

Fara da sanin yadda aka yi hotunan suka wanzu. Mafi yawan hotunan Hitler da ka saba gani aikin mutum ɗaya ne, Heinrich Hoffmann, mai ɗaukar hoto a birnin Munich, wanda ya manne masa tun farkon shekarun 1920. A shagonsa ne ma Hitler ya fara haɗuwa da Eva Braun a 1929, lokacin tana yi masa aiki. Hoffmann ya mayar da fuskar ubangidansa masana'anta: katunan gaisuwa, littattafan hotuna, manyan hotunan rataye a ofis da aji. Ya yi kuɗi na fitar hankali da wannan sana'a, shi ma Hitler yana karɓar kaso saboda amfani da fuskarsa a kan sarki. Har kamfanonin taba sun shiga ciki. Mai shan sigari yana tara takardun da ke cikin kwali, ya musanya su da ƙananan hotuna, ya liƙa a wani kundi na musamman, kamar wanda aka fitar a 1936 kan rayuwar Hitler. Miliyoyi aka buga. Kowane hoto an tsara tsayuwar, an zaɓi hasken, an tace wanda zai fita da wanda za a ɓoye. Abin da dillalin nan ya shimfiɗa maka farfaganda ce da aka yi domin talakan Jamus ya so shugabanninsa, kuma shekara tamanin da wani abu bayan nan tana nan tana aikinta a kan duk wanda ya ƙura mata ido.

Daga nan matsala ta farko take fitowa. Da yawa daga katunan nan tun a maɗaba'a aka buga sa hannun tare da hoton. Tsofaffi ne na gaske, na zamanin ne, amma hannun mutumin bai taɓa su ba. Haka takardun lambar yabo da na ƙarin girma: dubbai ne ke ɗauke da sunan Hitler wanda hatimi ko na'ura ta buga, domin ba zai yiwu ya zauna ya sa wa kowane hannu ba. Dillali marar tsoron Allah ba ya ma buƙatar ƙirƙirar komai, sai kawai ya yi shiru ya bar ka ka zaci abin da kake so ka zata.

Akwai kuma rukuni na sama, hotunan kyauta. Waɗannan manya ne, wasu a cikin firam na azurfa mai mikiya da haruffan AH, wato farkon sunan Adolf Hitler, da rubutun sadaukarwa: ga wane, don tunawa da rana kaza. Su ne kaɗai nake ganin suna da abin faɗa wa masanin tarihi, kuma darajarsu tana cikin sunan wanda aka bai wa. Tsohon firayim ministan Birtaniya David Lloyd George ya ziyarci Hitler a gidansa na kan tsauni a 1936, ya dawo da hoto mai sa hannu, ya kuma dawo yana yabonsa a jarida. Akwai hoton Himmler tare da Muftin Ƙudus Amin al-Husaini na 1943, da rubutun Himmler a jiki. Irin waɗannan suna nuna wa ya kusanci wa, a wace shekara, da wace fuska. Shi ya sa wurinsu ma'ajiyar takardun tarihi, inda kowa zai iya dubawa, kuma da wuya ka tsince su a teburin dillali a kasuwar Lahadi.

Sai rukunin bayan yaƙi, wanda mutane ke mantawa da shi. A shari'ar da aka yi wa manyan 'yan Nazi a birnin Nuremberg, daga Nuwamban 1945 zuwa Oktoban 1946, sojojin Amurka masu gadin fursunonin sun riƙa karɓar sa hannunsu a kan kati da hoto da duk takardar da ta samu, su tafi da ita gida tsaraba. Göring ya ƙware wajen sayen zuciyar masu gadi da 'yan kyaututtuka, agogo, alƙalami, hoto, kuma har yau ana muhawara kan yadda gubar da ya sha a daren 15 ga Oktoba, sa'o'i kaɗan kafin a rataye shi, ta iso hannunsa. Waɗanda suka tsira da rai kuwa sun daɗe suna sa hannu. Karl Dönitz, shugaban sojan ruwa, ya fito daga kurkukun Spandau a 1956, ya rayu har 1980. Albert Speer, ministan ƙera makamai, ya fito a 1966, ya rayu har 1981, yana rubuta littattafai, yana hira da 'yan jarida, yana amsa wasiƙun masu neman sa hannunsa. Shi ya sa nasu ya cika kasuwa kuma ya fi arha, na Heydrich, na hannun daman Himmler, da aka kashe a Prague a 1942 ko na Röhm, shugaban dakarun jam'iyya, da Hitler ya sa aka harbe a 1934 kuwa ya yi ƙaranci ya yi tsada. Ka lura da abin da ke tafiyar da farashin: ƙarancin kaya, sannan ƙaurin sunan mai shi. Gwargwadon jinin da ke hannun mutum, gwargwadon kuɗin sa hannunsa. Wannan kaɗai ya isa ya sa mutum ya tsaya ya yi tunani.

Yanzu maganar jabu, kuma a nan zan ɗan jima, domin akwai labarin da duk mai son shiga wannan harka ya kamata ya haddace. A watan Afrilun 1983 mujallar Stern ta birnin Hamburg ta sanar wa duniya cewa ta samo kundayen da Hitler ya riƙa rubuta al'amuransa na yau da kullum da hannunsa, kimanin guda 60. Ta biya Mark miliyan 9.3 na kuɗin Jamus ta Yamma. Ɗan jaridar da ya kawo su, Gerd Heidemann, shi kansa ya haukace da tara kayan Nazi, har jirgin ruwan shaƙatawa na Göring ya saya ya ci bashi a kansa. Wanda ya rubuta su kuwa wani Konrad Kujau ne, mai shagon sayar da tsofaffin kayan soja a Stuttgart, wanda ya shekara da shekaru yana ƙera wasiƙu da zane-zane da sa hannun Hitler yana sayar wa masu tarawa. Littattafan rubutu na talakawa ya samo, ya riƙa yayyafa musu shayi yana bubbuga su don su yi kama da tsofaffi. Abin da ke ciki kuma yawanci ya kwafo ne daga wani kundin jawaban Hitler da aka riga aka buga, har da kurakuran da ke cikinsa. A bangon ma ya manna haruffan roba na tsohon salon rubutun Jamus, ya ɗauko F a maimakon A, sai suka zama FH. Babu wanda ya kula.

Abu biyu nake so ka riƙe a nan. Na farko, labarin asali. Kujau ya ce an tsinto kundayen ne a wani jirgin sama da ya faɗi kusa da ƙauyen Börnersdorf a Afrilun 1945 ɗauke da kayan Hitler. Jirgin ya faɗi da gaske, Heidemann ya je ya ga kaburburan waɗanda suka mutu a ciki da idonsa, sai ya gaskata sauran. Haka maƙaryacin kirki yake yi, ya rataya ƙaryarsa a jikin gaskiya. Na biyu ya fi ban tsoro. An kai wa masana rubutun hannu shafuka su gwada da rubutun Hitler da aka tabbatar, suka ce hannu ɗaya ne. Kuma ba su yi ƙarya ba, domin wasu daga cikin samfuran da aka ba su na gwaji Kujau ne ya rubuta su tun da daɗewa, suka shige hannun masu tarawa a matsayin na gaske. Babban masanin tarihi na Ingila Hugh Trevor-Roper ya sa sunansa ya ce sahihai ne, daga baya ya janye, amma tabon ya bi shi har kabari. Abin da ya tona asirin shi ne ɗakin gwaje-gwaje. Hukumar adana takardun tarihi ta Jamus ta sa aka bincika, aka sami sinadarin ƙara wa takarda fari wanda sai bayan yaƙi aka fara amfani da shi, da zaren roba na zamani a ɗinkin, aka kuma gano tawadar ba ta daɗe a kan takardar ba. Cikin mako biyu komai ya rushe. A 1985 kotu ta ɗaure Kujau shekara huɗu da rabi, Heidemann shekara huɗu da wata takwas. Kayan da Kujau ya watsa kafin a kama shi kuwa ba a tattaro su duka ba.

Kada ka ce wannan tsohon zance ne. A 2017 'yan sandan Ajantina sun gano wani ɓoyayyen ɗaki a wajen birnin Buenos Aires cike da kayan Nazi fiye da 70, duniya ta ɗauka, daga baya ƙwararru daga Jamus suka duba suka ce mafi yawansu jabu ne ko kuma tsofaffin kaya ne da aka manna musu tambari. A shekarar dai wani gidan gwanjo a jihar Maryland ta Amurka ya sayar da wata jar wayar tarho da aka ce ta Hitler ce a kan dala 243,000, masana tarihin tarho a Jamus suka fito suna nuna abubuwan da ba su dace ba a jikinta. A 2019 masu gabatar da ƙara a Nuremberg suka ƙwace zane-zane 63 masu sunan Hitler daga wani gidan gwanjo bisa zargin jabu. Idan masu miliyoyi da lauyoyi suna faɗawa, ɗalibi mai kuɗin tallafin karatu fa?

Duk da haka ga yadda masu sana'ar ke dubawa, ko don ka san irin tambayar da za ka yi. Juya hoton tukuna, bayansa ya fi gabansa gaskiya. Takardun hoto na lokacin sukan ɗauki sunan kamfani a baya, irin su Agfa Lupex ko Agfa Brovira, katunan Hoffmann kuma suna da sunansa da adireshinsa na Munich. Taɓa takardar: ta wancan zamani takarda ce zalla, mai sulɓin roba gaba da baya sai ƙarshen shekarun 1960 ta shigo. Sannan ka kashe wutar ɗaki ka haska ta da irin fitilar nan mai shuɗin haske da 'yan canji ke duba kuɗin jabu da ita. Takardar kafin 1950 za ta tsaya dishi-dishi, kamar ba ta ji hasken ba. Wadda aka sa wa sinadarin fari za ta yi wal, shuɗi-shuɗi mai ɗaukar ido. Idan ta yi wal, magana ta ƙare. Idan ba ta yi ba, ba a ce ta tsira ba, domin masu jabu sun daɗe da gane wannan, suna sayen tsohon kati na gaske marar sa hannu da arha su ƙara masa suna.

Don haka sai tawada. Sa madubin ƙara girma, ka karkata katin a gaban taga. Alƙalamin tawada na gaske yana barin alama: inda aka danna layin ya yi kauri, inda aka ja da sauri ya sirance, inda layi ya hau kan layi tawadar ta ninku ta yi duhu, wani lokaci bakin alƙalamin ya ɗan karce fuskar hoton. Bugun maɗaba'a kuwa lafe yake, launi ɗaya daga farko har ƙarshe, ba tudu ba kwari. Hannun mai kwaikwayo shi ma yana da tasa alamar: yana tafiya a hankali saboda zana sunan yake yi, sai ka ga 'yar rawa a layin, da wuraren da ya ɗaga alƙalami ya sake ɗorawa a tsakiyar harafi. Mutumin da ya sa hannu sau dubu goma ba ya tsayawa tunani a tsakiyar sunansa. Idan da biro aka yi, aka kuma ce maka na 1938 ne, ka yi sallama ka tafi, biro bai yaɗu a kasuwa ba sai daga 1945. Alƙalami mai bakin soso kuwa na shekarun 1960 ne, yana iya dacewa da Speer a tsufansa, ba zai taɓa dacewa da Himmler da ya mutu a Mayun 1945 ba.

Sai gwajin da ya fi amfani ga mai son tarihi irinka, wato kwanan wata da muƙami. Göring ya sami muƙamin Reichsmarschall ne a Yulin 1940, to hoton da yake sanye da kayan wannan muƙami amma rubutun ya ce 1937 ya ƙaryata kansa. Rudolf Hess, mataimakin Hitler a jam'iyya, ya tuƙa jirgi shi kaɗai ya tafi Scotland ranar 10 ga Mayun 1941, daga ranar yana tsare har mutuwarsa a 1987, saboda haka babu wata gaisuwa da ya aika daga Berlin a 1942. Sa hannun Hitler ma ya sauya da shekaru: na shekarun 1920 ana iya karanta shi, na ƙarshen yaƙi ya ƙanƙance yana gangarowa ƙasa. Mai jabu yakan haddace salo ɗaya ya yi ta liƙa shi a kowace shekara. Haka salon rubutun sadaukarwar: mutanen da suka yi makaranta kafin Yaƙin Farko da tsohon rubutun hannu na Jamus suka tashi, wanda ko Bajamushen yau da ƙyar yake karantawa, kuma baƙon da ke kwaikwayonsa yakan ruɗe a kan wasu haruffa.

Duk waɗannan gwaje-gwaje suna iya kama ƙarya, amma babu ɗayansu da zai tabbatar maka gaskiya. Abin da ke kusa da tabbatarwa shi ne silsilar mallaka. Kamar sayen fili ne: ba takardar da mai sayarwa ya rubuta da kansa ake dubawa ba, ana bi ne a ji wa ya sayar wa wa, gaban wa, har a kai ga mai asalin gona. Wa aka bai wa hoton, ina ambulan da ya zo ciki, ina wasiƙar rakiya, ta hannun wa ya bi daga 1945 zuwa yau? Labarin "kakana soja ne, shi ya ɗauko a gidan Hitler" kowa na iya faɗa, kuma kowa na faɗa. Takardar shaidar sahihanci da dillali zai miƙa maka da hatimi mai ƙyalli ba ta fi darajar wanda ya sa mata hannu ba, Kujau ma yana haɗa wa kayansa irinta.

Batun doka, tunda a Jamus kake, ka buɗe kunne. Sashe na 86a na kundin manyan laifuka ya haramta yaɗawa ko nuna alamun ƙungiyoyin da suka saɓa wa tsarin mulki a bainar jama'a, da tanadinsu ko shigo da su ko fitar da su don a yaɗa. Tambarin swastika, alamar jam'iyyar Nazi, na ciki, haruffan SS, sunan rundunar da Himmler ke shugabanta, na ciki, gaisuwar ɗaga hannu na ciki, kuma kotuna sun taɓa ɗaukar hoton fuskar Hitler kansa a matsayin irin wannan alama. Hukuncin ya kai ɗaurin shekara 3 ko biyan tarar kuɗi. An keɓe abin da aka yi don koyarwa, bincike, fasaha ko ba da labarin tarihi, kuma ta wannan ƙofa ce dillalai ke bi: shi ya sa za ka ga sun manna 'yar takarda sun rufe tambarin, suna kuma sa mai saye ya amince cewa don nazarin tarihi yake saye. Ajiye abu a akwatinka ba laifi ba ne. Amma ranar da ka ɗauki hotonsa ka ɗora a Facebook, ko ka tura a babban zauren WhatsApp, ko ka rataye inda mai wucewa zai hango ta taga, ka shiga wani hali. Kai kuma baƙo ne, hukuncin kotu na iya shafar takardar zamanka. Kada ka ɗauki maganar dillali a matsayin fatawa, ribarsa yake nema.

Ƙetare iyaka kuma doka ta sauya. Ostiriya tana da dokar haramta farfaɗo da aƙidar Nazi ta 1947 da ta alamomi ta 1960, kuma ba ta wasa da su. Faransa ta hana nuna irin waɗannan alamu a fili, kuma a can ne a 2000 kotu ta umarci kamfanin Yahoo ya toshe wa mutanen ƙasar gwanjon kayan Nazi, abin da ya kai ga kamfanin ya daina karɓar su. eBay ma ya hana, in ban da irin su kan sarki da tsabar kuɗi. Ostireliya ta haramta nunawa da cinikin kaya masu waɗannan alamu daga Janairun 2024. A Amurka kuwa tsarin mulki ya kare cinikin, shi ya sa manyan gwanjon suke can, kamar agogon da aka ce na Hitler ne da aka sayar dala miliyan 1.1 a 2022. Manyan gidajen gwanjo na duniya, Christie's da Sotheby's da Bonhams, sun wanke hannunsu daga wannan kaya. Wannan na nufin ranar da ka tashi sayarwa ƙofofinka kaɗan ne, kuma ba kai za ka zaɓi wanda zai shigo ta cikinsu ba.

Wanda ya kawo mu tambayarka ta uku. Ba na cewa duk mai tara irin wannan ɗan Nazi ne. Akwai jikokin sojojin da suka yaƙi Hitler suka gaji tsarabar yaƙi, akwai malamai, akwai masu son duk wani abu tsoho. Amma hoto mai sa hannu daban yake da hular soja ko katin rabon abinci. An ƙirƙire shi ne musamman don mabiyi ya ji ya kusanci shugaba, ya sa shi a falo ya riƙa kallo. Wanda ya saya yau ya sa a firam, ko da wace niyya, ya yi da shi daidai abin da aka yi shi dominsa. Hukumomi sun san ƙarfin irin wannan abu. Hess na mutuwa aka rushe kurkukun Spandau inda yake tsare don kada ya zama wurin ziyara, a 2011 aka tone kabarinsa a garin Wunsiedel saboda masu tsattsauran ra'ayi sun mayar da shi wurin taro, gidan da aka haifi Hitler a Braunau kuma gwamnatin Ostiriya ta ƙwace shi ta yanke shawarar mayar da shi ofishin 'yan sanda.

A Nuwamban 2019 wani gidan gwanjo a Munich ya fito da doguwar hular Hitler da wasu kayan manyan Nazi. Wani attajiri ɗan asalin Labanon mazaunin Geneva, Abdallah Chatila, ya kashe kusan Yuro 600,000 ya saye abin da ya iya saya, don kawai kada su faɗa hannun masu ɗaukaka su, ya miƙa su kyauta, suka ƙare a Yad Vashem, cibiyar tunawa da Yahudawan da 'yan Nazi suka kashe. An yaba masa, kuma ya cancanta. Sai dai ni abin da na gani a ciki shi ne gidan gwanjon ya karɓi kuɗinsa cif, farashi ya ƙara tashi, mai irin kayan a ɗaki ya ƙara samun dalilin fito da su. Kasuwa ba ta tambayar niyyar mai saye.

Akwai kuma abin da ya shafe ka kai tsaye. Na san a cikinmu akwai masu yi wa Hitler kallon jarumi, wasu don ya yaƙi Ingila da Faransa da suka mallake mu, wasu don fushin abin da ake yi wa Falasɗinawa. Zaluncin wani ba ya wanke na wani. Mutanen da ke cikin hotunan nan su suka tsara kisan Yahudawa miliyan 6, da dubban ɗaruruwan 'yan ƙabilar Roma, da naƙasassun ƙasarsu. Baƙar fata ma ba su ɗauke shi cikakken mutum ba. Dokokin launin fata na 1935 an faɗaɗa su sun haɗa da baƙaƙe. A 1937 aka tattara yaran da sojojin Afirka na rundunar Faransa suka haifa da matan Jamus a yankin Rhineland, aka yi wa aƙalla 385 aikin hana haihuwa na dole. A Mayu da Yunin 1940, da sojojin Jamus suka kutsa Faransa, sun riƙa ware baƙaƙen fursunoni daga farare suna harbewa. Masana sun ƙiyasta tsakanin 1,500 zuwa 3,000, kuma maƙabartar Chasselay kusa da Lyon tana nan da jan gininta irin na Sahel. Waɗannan sojoji daga duk faɗin Afirka ta Yamma ta Faransa aka ɗebo su, har da Nijar. Da Himmler zai gan ka, ba hoto zai ba ka ba.

Sha'awar tarihin da kake da ita abu ne mai kyau, kuma kana zaune a ƙasar da ta fi kowace buɗe wannan babi. Hukumar adana takardun tarihi ta tarayya ta sa dubban hotunanta a intanet. Babban ɗakin karatu na jihar Bavaria yana riƙe da kaso mai yawa na hotunan Hoffmann. Ma'ajiyar Arolsen tana da takardu kusan miliyan 30 kan mutum miliyan 17.5 da mulkin ya tsare, ya bautar ko ya kashe, kuma da yawa ana iya bincika su daga ɗakinka. A Berlin akwai gidan tarihi a filin da hedikwatar Gestapo, 'yan sandan asirin Nazi, take a da, shiga kyauta ne. A Munich an buɗe wani a 2015 a inda hedikwatar jam'iyyar take. A Nuremberg kana iya shiga ɗaki mai lamba 600 inda aka yi shari'ar. Idan kuma hannunka ne ke ƙaiƙayin riƙe abu na zamanin, nemi wasiƙun da ƙananan sojoji suka aiko gida daga fagen daga, katunan rabon burodi da nama, jaridun gari, takardun kuɗin hauhawar farashi na 1923 masu biliyoyin Mark a jiki. Suna da arha, ba a cika wahalar yi musu jabu ba saboda ribar ba ta kai ba, kuma kowace wasiƙa za ta tilasta maka koyon tsohon rubutu da neman sunan ƙauye a taswira.

In kuwa ka riga ka saya, kada ka manne shi da roba mai zafi, wannan yana kashe takarda har abada. Sa shi a ambulan marar sinadarin tsami, nesa da rana da laima, ka rubuta a wata takarda daban inda ka same shi, ran nawa, nawa ka biya, da duk abin da dillalin ya faɗa. Riƙe rasit. Idan dillalin ya ƙi rubuta maka cewa zai mayar da kuɗinka in ƙwararre mai zaman kansa ya ce jabu ne, to ka san abin da ke hannunka. In wata rana ka so rabuwa da shi, tuntuɓi gidan tarihi ko ma'ajiyar takardun garin da kake kafin ka tuntuɓi ɗan gwanjo, amma kada ka yi mamaki idan suka ce ba sa so. Irinsa ya yi musu yawa, kuma tambayar farko da za su yi maka ita ce wa aka bai wa, ta hannun wa ya biyo.